Ranar da Muka Shayar da Kwalbar Illo

Azumin bana ya sake faɗowa cikin bazara, kamar yadda ya yi lokacin ina sabon malami. Shekaranjiya da azahar ina kwance a zaure nan Konni, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, sai na hango matar ɗana ta fito da tukunyar gas ta ajiye tsakar gida don ta share madafa. Rana na dukan ƙarfen. Ban san sa'ad da na miƙe ba, ina ihu a mayar da ita inuwa. Baiwar Allah ta firgita, ta ja ta ciki, ta dawo ta durƙusa tana ba ni haƙuri alhali ba ta yi laifin komai ba. Ɗana ya ce, "Baba, ai wagga ba ta fashewa don rana." Na san haka. Na fi shi sani, tunda aikin da na ci abinci da shi ke nan. Amma gabana bai daina faɗuwa ba har aka yi la'asar.

Abin ya samo asali ne daga Illela ta ƙasar Adar, inda gwamnati ta fara tura ni koyar da kimiyya a kolej. Ni mutumin Tsarnawa ne, na saba da fadama da rijiya mai kusa. Na isa can da matata Rakiya, muka kama ɗaki biyu a gidan wani mai walda da ake kira Illo. Gidan na bakin unguwa, rumfar aikinsa ta kwano tana jingine da katangar gidan ta waje. Illo gajere ne mai faɗin ƙirji, idanunsa kullum jajaye saboda hasken wuta. Matarsa Zali doguwa ce, ba ta da yawan magana, amma in ta yi magana ana ji. Kowa a unguwar Mushe yake kirana, wato malam da Faransanci, har tsofaffin da suka haifi kamata.

Damanar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero na cikin fitar da kai. Abin da aka girbe bai kai mutane ko'ina ba. Kafin zafi ya kankama, maza masu ƙarfi duk sun tafi biɗa, wato ci-rani, wasu Najeriya, wasu har bakin teku. Unguwarmu ta koma ta mata da yara da tsofaffi. Rumbuna suka zama fanko, sai rumbu guda na mai unguwa, Baba Nomau, wanda ke tsaye bayan rumfar Illo. A cikinsa aka tara irin shuka na gidajen da mazansu suka tafi, kowane gida da damminsa da alamarsa. Baba Nomau ya liƙe bakinsa da laka, ya ce ko yunwa za ta kashe mutum a gabansa ba zai buɗe ba sai ruwan shuka ya sauka.

Haka azumi ya same mu. Ban taɓa ganin zafi irin na wannan shekara ba. Tun hantsi ƙasa ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Iska in ta taso sai ka ce daga bakin tanda ta fito. Tsuntsaye kan faɗo daga reshe bakinsu a buɗe. Da rana mutum ya jiƙa zane ya lulluɓa, kafin ya juya ya bushe ƙarau. Daga baya ma aka daina jiƙa zanen, don ruwan ya fi ƙarfin haka.

Injin famfon gari yau ya tashi, gobe ya ƙi. Rijiyoyin Adar kuwa masu zurfi ne, in ka leƙa ba ka ganin ƙasansu. Mata kan tafi bayan sallar asuba su jera tuluna, su zauna jiran ruwa ya taru. A saki guga, jaki ya ja igiya har ya yi nisa, gugan ya fito da rabin ciki, rabin nan ma laka. Zali kan dawo hantsi ya yi sama, da tulu bisa kai da bokiti a hannu, ta juye a randa ta rufe, ta aza dutse kan murfin saboda yara. Ruwan nan shi ne na shan ruwa da magariba, shi ne na girki, shi ne na sahur. Wanda aka wanke kwano da shi awaki ke sha. Alwala kuwa da yawanmu taimama muka koma.

Abinci garin rogo ne da ake kawowa daga iyaka, a jiƙa da ɗan gishiri da barkono. Gidajen da suka fi mu wahala anza suke ci, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an yi ta jiƙawa ana zubar da ruwan kafin su ciwu, ga shi ruwan zubarwar ma babu. Fura in an samu, tsinkakkiya ce har kana ganin gindin ƙwarya. Dabbobi ƙashin haƙarƙarinsu ya fito. Duk mai ɗan kara ko harawa ya ɗora shi saman rumfa yana gadi kamar dukiya. Shi ya sa in ka tsaya ka dubi unguwar, ko'ina busasshen abu ne a sama, ko'ina dangar kara ce a ƙasa.

Cikin wannan hali Rakiya ta haihu, ɗanmu na fari. Gwaggonta ta zo daga Dogarawa don wankan jego. Matan unguwa, duk da halin da ake ciki, kowace takan rage ɗan ruwa daga tulunta ta zuba a babbar tukunyar wankan. Ba wanda ya ce su yi. Ni dai kunya nake ji in na ga tukunyar nan na tafasa alhali yaran maƙwabta leɓunansu sun tsage.

A lakwal kuwa, wato makaranta, aiki muke yi da sunan aiki. Ɗalibai na gyangyaɗi, alli na manne wa yatsa don gumi. A makon nan ina koya wa 'yan babban aji lissafin iska a cikin mazubi rufaffe, wanda ba ya faɗaɗa ba ya tsukewa. Nakan ce musu, tunda iskar ba ta da wurin zuwa, duk zafin da ya shiga mata sai ya koma hawan digiri, ita kuma ta ƙara tura bangon mazubin. In ka cire zafin, digiri ya sauka, turin ya ragu. Ka san nauyin iskar, ka san zafin da ka cire, sai ka raba ka sami amsa. Abu mai sauƙi, layi uku a allo. Nakan ja layi biyu ƙarƙashin amsar in goge hannu.

Irin wannan mazubi kuwa kullum nake wucewa ta gabansa. Illo na da kwalbar iskar walda guda. Kwalba muke ce mata amma ƙarfe ce, tsayinta ya kai kafaɗata, fentinta ya goge, tsatsa ta ci gindinta. Ta bi hannuwa da yawa kafin ta iso gare shi. In ta ƙare sai ya ɗora ta a motar kasuwa zuwa Konni, daga can a ƙetara iyaka da ita a cika. A kanta akwai agogo mai allura da ke nuna ƙarfin iskar da ke ciki. Ya ɗaure ta da sarƙa jikin wani gungumen giginya da ke riƙe da rufin rumfar. Da ita da tukunyar karbi, dutsen nan mai wari da ke ba da iskar wuta in ruwa ya taɓa shi, yake liƙe amalanken jakai da garemani. Ranar da abin ya faru bai daɗe da karɓo ta cike ba. Da safe ina fita ya kira ni yana murmushi.

"Mushe, zo ka gani. Ɗari da hamsin cif. Wagga karon ba su cuce ni ba."

Na duba allurar, na taya shi murna, na wuce.

Na dawo bayan azahar, na kwanta a tsurar ƙasa don tabarma ma zafi take. Sai na ji iska ta taso da ƙarfi, kwanoni na gudu tsakar gida. Guguwa ce. Bayanta na ji muryar mace daga nesa tana kururuwa, wata ta karɓa, wata ta karɓa. Har yau ba a san daga murhun wa guguwar ta ɗauko garwashin wutar ba. Kafin in sa riga, dangar maƙwabtanmu ta zama jan bango. Harawar da ke saman rumfuna ta dinga kamawa ɗaya bayan ɗaya, tana tashi sama tana faɗowa a wani gidan.

Na sungumi jariri, gwaggo ta kama Rakiya, muka fita da gudu zuwa gindin wata aduwa a bayan gari. Na aje su na koma. Abin da na tarar shi ne mata da tsofaffi na jifan wuta da ƙasa, suna dukanta da ɗanyen reshe, suna ture dangogi don ta rasa abin ci. Daga wasu unguwanni aka sheƙo da tuluna. Allah ya taimake mu iskar ta kwanta. Wutar ta ci gidaje da dama, ta tsaya a hanyar da ke raba mu da masallaci. Gidan Illo na ƙasa ne, ya tsira. Amma harawar da wani maƙwabci ya roƙa ya ajiye saman rumfar aikin ta kama, rufin kwanon ya lotsa ya faɗa ciki da ita.

Na sami Illo zaune a ƙasa bakin hanya, hannayensa biyu a sama kamar mai roƙo. Fatar tafukan ta saɓule. Da wuta ta kama rufin, shi ya kutsa ya fito da tukunyar karbi da gwangwanin dutsen, ƙarfen na cin hannunsa, ya kai su nesa ya yar. Da bai yi haka ba, da guga ɗaya na ruwa ya isa ya tashi unguwar. Zali na tsaye kansa tana yaga zane. Mutane sun fara hamdala, wasu sun zube a inuwa. Sai Illo ya ɗago ya dube ni.

"Mushe, kwalba na ciki. Sarƙa ta hana ni."

Ba na tsammanin wani ya gane abin da yake nufi sai ni da Zali.  Na ce a ja baya, kowa ya ja baya. Muryata ta fito siririya, ba wanda ya motsa. Zali ce ta juya ta daka tsawa, mata suka kwashi yara suka yi bayan masallaci.

Baba Nomau ya matso da sandarsa. Tsoho ne da idonsa ɗaya ya mutu, ya ce, "Mi ka faruwa, Mushe?"

Na ce, "Baba, ƙarfen can in ya ci gaba da ɗaukar zafi, fashewa zai yi. In ya fashe, ba katangar da za ta tsaya kusa da shi. Iskar da ke ciki kuma tana hura wuta fiye da zugazugin maƙeri."

Ya juya da idonsa mai gani ya dubi rumbun iri. Tsakaninsa da rumfar bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, jinkarsa ta ciyawa ce, har gefenta ya yi baƙi.

"A fasa rumbun a kwashe," in ji wata tsohuwa.

"Wa za shi tsaya can shina kwasa?" in ji Baba Nomau. Sannan ya ce, "Mutanen ga amana sunka bar min. In sun komo da ruwan shuka, mi za ni ce musu?"

Wani ya ce a ɗaura igiya a jawo kwalbar da jaki. Illo ya yi ƙara daga inda yake zaune, ya ce kada wanda ya kuskura ya girgiza ta. Sai duk idanu suka dawo kaina. Ni da ban taɓa kashe ko wutar murhu ba.

Na ce sai na ga allurar tukuna.

Ban san yadda zan kwatanta tafiyar nan ba. Daga bakin hanya zuwa ƙofar rumfar ba nisa, amma kowace ƙafa sai na roƙe ta kafin ta ɗaga. Ina ta maimaita kalmar shahada, ina tuna cewa ko sati biyu ɗana bai yi ba. Ciki hayaƙi ne da warin roba. Kwanon rufin ya faɗo ya jingina da kwalbar, tokar harawa mai jan ciki ta taru a gindinta har ta rufe tsatsar. Ƙarfen na yin wata 'yar ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana taɓa shi da tsinke. Gilashin agogon ya tsage ya yi baƙi. Na kai bakin rigata na goge, zafin ya ratsa yadin. Allura na kan ɗari biyu.

Na fito da baya da baya. Na tsuguna bayan katangar maƙwabta, na ɗauki kara na fara zane a ƙasa, don kaina ya ƙi riƙe lamba. Da safe ɗari da hamsin, yanzu ɗari biyu, mazubi bai canja ba. Ke nan zafin iskar ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, in an ƙirga shi daga can ƙarshen sanyi yadda muke yi a aji. Na buga lissafin, na sake bugawa. Iskar da ke cikin kwalbar ta fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba. Abin da ban sani ba, kuma ba lissafin da zai faɗa mini, shi ne inda tsohon ƙarfe mai tsatsa zai ce ya gaji.

Baba Nomau na tsaye kaina yana kallon zanen. Ya ce, "Ruwa nawa?"

Na ƙiyasta nauyin iskar, na ƙiyasta na ƙarfen, wanda shi ne ma ya fi riƙe zafin. Na ga in aka jiƙa buhu aka lulluɓa, ruwan ya dinga tashi tururi, ba sai an kwarara da yawa ba. Na ce, "Tulu uku, ko huɗu. Amma a hankali. In aka watsa mata ruwa gaba ɗaya tana iya tsagewa."

Ya juya wajen matan ya faɗa. Na ga fuskokinsu. Abin da ya rage a randuna bayan gobarar shi ne ɗan abin da kowace ta ɓoye don shan ruwa, ga rana ba ta ko karkata sosai ba.  Suka watse, suka dawo da tuluna da buhunan algarara. Suka jeru daga bayan masallaci har kusurwar katanga, kowace ta miƙa wa ta gabanta. Daga kusurwar zuwa ƙofar rumfa kuwa ba wanda zan iya cewa ya bi. Zali ta ɗaure ɗankwalinta, ta karɓi tulun farko.

Illo ya ce, "Zali, ke koma. Ɗiyanmu fa?"

Ta ce, "Kai ka iya ɗauka da hannun ga?"



Muka shiga. Na sa shebur ɗin Illo na janye tokar daga gindin kwalbar, na ture kwanon da wani dogon ƙarfe, ina jin kamar kowane motsi shi ne na ƙarshe. Zali ta tsoma buhu ta miƙo mini. Da na ɗora shi a kafaɗar kwalbar, sai ta yi wata irin ƙara, fuuu, tururi ya buge ni a fuska. Na tabbata ta fashe. Na faɗi zaune, na rufe kaina da hannuwa, na ji ɗumi na bin cinyata. Fitsari ne ya kuɓuce mini, ni malamin kolej. Zali ba ta dube ni ba. Ta tsoma buhu na biyu ta ce, "Karɓi, Mushe."

Haka muka yi ta yi. Buhu ya bushe in cire, ta miƙo jiƙaƙƙe. Ruwa na bin hannuna har gwiwar hannu, harshena kuwa ya kumbura ya manne da dasashi. Ban taɓa jin ƙamshin ruwa irin na ranar ba, ruwan laka a kan buhu mai datti. Liman ya aiko a faɗa mana wanda ya ji zai halaka ya sha, Allah ya yi rangwame. Na dubi tulun, na dubi allurar, na ga kowace kurɓa daga bakin kwalbar za ta fito. Ban sha ba. Ba taƙawa ce ta hana ni ba, tsoro ne.

Tulu na huɗu ya ƙare. Na goge gilashin. Allura ba ta sauka ba. Na ƙura mata ido, na ga kamar ma ta ɗan gota inda take.

Nan ne hankalina ya tashi na gaske. Na fito na koma wurin zanena, ƙafafun mutane sun tattake shi. Na sake bugawa, amsa ɗaya ta fito. Baba Nomau ya ce, "Ka ce huɗu." Ba faɗa yake yi ba, tambaya ce. Na ce, "Baba, lissafin ya ce huɗu in ba wani zafin da ke shiga. Akwai inda wuta ke shigarta, ban gan shi ba." Na ji mata a layi suna tambayar juna abin da na ce. Wata ta fashe da kuka, ta ce randarta ko ɗigo babu.

Na koma ciki don ba ni da wurin zuwa. Muka tsaya ni da Zali muna dubawa. Toka na janye, kwano na ture. Sai ta nuna da haɓa. Ta bayan kwalbar, inda sarƙa ta matse ta da gungumen giginya, wani siririn hayaƙi na fita. Na zagaya na taɓa gungumen da ƙarfe, sai ya rufta ciki. Waje baƙi ne kamar ya mutu, cikinsa kuwa ja wur, tun daga ƙasa har sama. Duk wannan lokaci kwalbar na jingine da garwashi, muna shayar da gabanta wuta na cin bayanta.

Muka juye ɗan ruwan da ya saura a layi cikin gungumen. Ya sha ya nemi ƙari. Zali ta leƙa waje ta ce a kawo, layin ya tsaya cik. Ba sauran tulu mai ruwa a unguwar.

Ina tsaye ina tunanin ko in ce kowa ya gudu a bar rumbun ga Allah, sai na ga mata biyu sun zagayo kusurwa suna rinjayar babbar tukunya a tsakaninsu. Na gane ta, tukunyar wankan Rakiya ce. Daga baya na ji yadda aka yi. Labari ya kai gindin aduwa cewa ruwa ya ƙare kuma ina ciki. Rakiya ta ce a je ɗakinmu a ɗauko. Gwaggo ta ce mai jego ba ta tsallake wanka, sanyi zai shige ta ya zauna har tsufa. Rakiya ta ce, "Gwaggo, sanyin ya shige ni. In uban yaron ga ya mutu can, wankan mi za ni yi?"

Wannan karon ba mu bar ɗigo ya tafi banza ba. Zali ta sa aka miƙo babbar tasa, muka tura ta gindin kwalbar, duk abin da ya zuba daga buhu ya taru ciki mu sake tsomawa. Muka kashe gungumen har ya daina huci. Muka cusa jiƙaƙƙen buhu tsakaninsa da ƙarfen. Na daina duban agogon don zuciyata ba za ta iya ba. Aka kira la'asar muna ciki, ba mu fita ba. Can na lura buhun ya daina ƙara in na ɗora shi, yana daɗewa kafin ya bushe. Na goge gilashin. Allura ta sauko ƙasa da ɗari biyu, kaɗan, kamar kaurin farce.

Na ce, "Zali, tana sauka."

Ta matso ta duba, ko da yake ba ta san lamba ba. Sai ta zauna a ƙasa cikin toka, ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta na rawa. Ta ɗan jima haka, ta tashi ta tsoma buhu.

Daga nan sauka ta yi ta yi, a hankali ƙwarai. Inuwar katanga ta miƙe ta rufe rumfar. Na kai bayan hannuna kusa da ƙarfen, sannan na taɓa shi, na iya barin hannun a kai. Da rana ta yi ja, na fito na ce wa Baba Nomau mutane na iya komawa gidajensu. Tsohon ya je ya dafa rumbun da tafinsa, ya daɗe a haka.

Irin nan an shuka shi da ruwan farko, mazan da suka dawo kowa ya karɓi damminsa. Gidajen da suka ƙone an taru an yi musu jinka. Illo ya yi watanni bai riƙe komai ba, yatsunsa biyu na dama ba su ƙara miƙewa ba, kuma da ya warke ya mayar da rumfarsa can bakin hanyar mota, nesa da gidaje. Rakiya ba abin da ya same ta. Amma duk wannan daga baya ne.

A maraicen nan, da ladan ya kira magariba, unguwa guda ta zauna ba ruwan shan ruwa. An aika wasu unguwanni, su ma sun zubar da nasu a gobarar, sai an jira abin da za a samo. Abin da ke gabanmu shi ne tasar nan, da ruwan da ya bi jikin kwalbar ya dawo sau ba adadi, baƙi, mai ɗumi, toka na yawo a kai. Zali ta tace shi da bakin mayafinta cikin ƙwarya. Baba Nomau ya ce a fara ba Illo. An dawo da shi daga wurin likita hannayensa a naɗe kamar dami, ba ya iya riƙe ludayi. Na ɗiba zan kai masa baki, sai rabin ya zube a ƙirjinsa. Zali ta karɓe ludayin ta ba shi da kanta, sannan ta ba tsohon, sannan ni. Ɗanɗanon tsatsa da hayaƙi ne da buhu. Na shanye, na lashe leɓe.

Illo ya jingina kansa da bango, idonsa a rufe. Na ɗauka barci ya kwashe shi. Sai ya ce, "Mushe."

Na ce, "Na'am."

"Nawa ta nuna da ka fito?"

"Ta kusa ɗari da hamsin."

Ya buɗe ido ya dube ni. "Ke nan ba ta zuba ba?"

Na ce, "Ko kaɗan. Duk tana ciki."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ɗaga naɗaɗɗun hannayensa ya dube su, ya juya wajen matarsa.

"Zali, amalanken mutumin Tajaye na nan ban gama ba. In ya zaka gobe, ki ce mai ya yi haƙuri, iska akwai, hannu ne babu."